Kifin ɗawisu: ɗan'uwan karfasa mai renon ƴaƴa a baki

A wannan fili mun saba kawo muku bayani a kan gona da garke da lafiyar iyali. Yau ma zancen kiwo za mu yi, amma kiwon da ba ya bukatar turke ko akurki. Kiwon kifi ne a cikin akwatin gilashi, a cikin ɗaki.

Wanda ya taɓa shiga babban birni, wataƙila ya ga irin wannan akwati a otal ko a wani ofis. Ruwa ne garau, da rairayi a ƙasa, da kifaye masu launi suna kai da kawowa. Daga cikin waɗanda masu wannan kiwo suka fi so a duniya akwai wanda ake kira kifin ɗawisu. An ba shi wannan suna saboda adon namijinsa, wanda ya yi kama da na tsuntsun ɗawisu.

Dalili biyu ya sa muka zaɓi wannan kifi. Na farko, dangin karfasa ne, wadda muke kamawa a kogin Isa da tafkin Cadi da tafkunanmu irin na Madarunfa. Wanda ya fahimci rayuwar ɗaya ya fahimci ta ɗayan. Na biyu, mutum yakan zuba kuɗinsa ya sayi kifin ado, kafin mako biyu ya same shi ya juya ciki sama. Kuɗi sun tafi, rai kuma ya salwanta. Dabbar da mutum ya tsare, hakkinta yana wuyansa. Saboda haka ya kamata a san abin da kiwon yake bukata tun kafin a fara.

Inda ya fito

Asalin kifin ɗawisu tafkin Malawi ne, can kudu maso gabashin Afirka. Ƙasashe uku suke kewaye da tafkin: Malawi da Mozambik da Tanzaniya. Mutanen Tanzaniya suna kiran shi Niyasa. Tsawonsa ya wuce kilometir 550, wato kusan tafiyar Yamai zuwa Tawa. Zurfinsa a wani wuri ya kai metir 700. Shi ne na uku wajen faɗi a tafkunan Afirka, bayan Biktoriya da Tanganika.

Babu tafkin da ya kai shi yawan ire-iren kifi a duniya. Dangin karfasa kaɗai sun wuce iri 700 a cikinsa, kuma kusan dukkansu ba a samun su ko'ina sai can. Wannan ne ya sa gwamnatin Malawi ta keɓe wani sashe na kudancin tafkin a shekarar 1980 don kare kifayen. A shekarar 1984 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya.

Masana suna kiran kifin ɗawisu Aulonocara. Wani masanin kifi ɗan Ingila mai suna Charles Tate Regan ne ya raɗa wannan suna a shekarar 1922. Yanzu an san iri fiye da 20 a ƙarƙashin sunan. Wasu suna zama inda duwatsu suka haɗu da rairayi, wasu kuma a cikin kogunan dutse da ke ƙarƙashin ruwa.

Kamanninsa da yadda yake neman abinci

Ba babban kifi ba ne. Tsawonsa daga santimetir 10 zuwa 15, wato bai cika wuce tafin hannun babba ba. Namiji ne mai ado. Akwai shuɗi mai walƙiya, akwai rawaya kamar ƙwaiduwa, akwai mai ja a kafaɗa. Macen kuwa ba ta da ado. Launinta toka-toka ne ko ƙasa-ƙasa, da ratsi-ratsi a jiki, kuma ba ta kai namiji girma ba. Rashin adon nan kariya ce gare ta, domin ita ce mai ɗaukar ƴaƴa, ba ta son idon maƙiyi.

Wanda ya duba kan wannan kifi da kyau zai ga ƙananan ramuka a ƙarƙashin haɓarsa da gefen fuskarsa. Da su yake jin motsi a cikin ruwa. Idan yana neman abinci, sai ya tsaya cik a bisa rairayi, ba ya ko motsi. Da zarar wata tsutsa ko ƙwaro ya motsa a ƙarƙashin rairayin, sai ya ji. Nan take ya cusa baki ya ɗebo rairayin, ya tace, ya haɗiye abincin, ya fitar da sauran ta kunnuwan da yake numfashi da su. Sunan da masana suka ba shi ma daga waɗannan ramuka ya samo asali.

Wannan hali ya nuna mana abu ɗaya: kifin ɗawisu rairayi mai laushi yake so a gidansa. Tsakuwa mai kaifi tana yi masa rauni a baki.

Akwatin da ya dace

Kuskuren farko shi ne sayen ƙaramin akwati. Kifin ɗawisu yana son wurin iyo, namiji kuma yana son filin da zai ce nasa ne. Akwatin da bai kai litir 200 ba ya yi kaɗan ga manya.

Ga yadda ake lissafi. A auna tsawo da faɗi da zurfi da santimetir. A riɓanya su, sannan a raba da 1000. Misali: tsawo 120, faɗi 40, zurfi 45. Idan an riɓanya, a samu 216000. A raba da 1000, ya zama litir 216. Irin wannan akwati ya isa namiji ɗaya da mata uku ko huɗu su zauna cikin walwala.

A tuna cewa litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Idan aka haɗa da nauyin gilashi da rairayi da duwatsu, akwatin zai wuce kilo 250, wato ya fi buhu biyu da rabi na hatsi masu kilo ɗari-ɗari. Teburin da za a aza shi ya zama mai ƙarfi, samansa daidai wa daida, babu karkata. Akwatin da ya karkata yakan tsage. A ajiye shi cikin inuwa, nesa da taga da murhu. Rana tana zafafa ruwa, tana kuma sa gansakuka ta rufe gilashi.

A zuba rairayi mai laushi, kaurin yatsa biyu ko uku. A wanke shi sau da yawa har ruwan wankin ya fito fari. A jera duwatsu masu santsi a gefe, a bar ƙofofi tsakaninsu don mace ta samu maɓoya idan namiji ya matsa mata. Duwatsun su zauna a kan gindin akwati, sannan a zuba rairayi kewaye da su, domin kifin yana tono, kuma dutsen da aka aza bisa rairayi yakan gangaro. A sa marfi, saboda kifi yana tsalle idan ya firgita, ƙura kuma tana shiga.

Ruwa shi ne gidan kifi

Abin da ya fi kashe kifin akwati shi ne ruwa. A tafki, ruwa mai yawa ne yake kwashe ƙazanta. A akwati kuwa, kifi yana ci yana kashi yana numfashi a ruwa ɗaya. Kashinsa da ragowar abinci suna ruɓewa, su fitar da guba da ake kira amoniya. Ido ba ya ganin ta. Ruwa yana iya zama garau alhali ya cika da guba.

Allah ya yi maganin wannan da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ba masu kawo cuta ba ne, masu amfani ne. Suna zama a jikin soson na'urar tace ruwa da cikin rairayi, suna juya gubar har ta zama taki mai sauƙin illa. Amma ba su yawaita rana ɗaya. Sabon akwati yana bukatar mako 4 zuwa 6 kafin su wadata. Saboda haka a cika akwati, a kunna na'urar tacewa, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan don halittun su samu abin ci, a yi haƙuri. Wanda ya san mai tsohon akwati mai lafiya yana iya roƙon guntun soso daga na'urarsa, kamar yadda mai nono take zuba ɗan tsohon nono a cikin sabuwar madara don ta yi barci. Bayan haka a sa kifi kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Kowane mako a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a mayar da sabo. A ja tsohon ruwan da tiyo daga ƙasa, inda ƙazanta ta kwanta. Kada a canza ruwan duka lokaci ɗaya. Kada a wanke akwati ko bokitinsa da sabulu. Soson tacewa kuma a matse shi a cikin tsohon ruwan da aka ɗebo, domin ruwan pampo yana kashe halittun nan masu amfani.

Ruwan pampo yana da maganin da ake kira kulor, mai warin ruwan jabel. Yana kare mutane daga cutar gudawa, amma yana ƙone kunnuwan kifi. A tara ruwan a bokiti ko tano mai tsabta, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, ko a sa maganin cire kulor da masu sayar da kifin ado suke da shi. A rufe bakin mazubin da ƙyalle mai shara-shara don iska ta shiga, sauro bai shiga ba.

Ruwan tafkin Malawi ba mai tsami ba ne, yana da ɗan sinadarin dutse. Akwai ma'aunin da masana suke kira pH. A kansa, 7 shi ne tsakiya. Kifin ɗawisu yana son daga 7 da rabi zuwa 8 da rabi. Ana gwadawa da wata ƴar takarda mai canza launi. Idan ruwan ya yi ƙasa da haka, a sa dutsen farar ƙasa ko dakakken ɓawon katantanwar ruwa da aka wanke. Ana gane dutsen idan an ɗiga masa ruwan lemun tsami ya yi kumfa. Muna jan kunne: kada a jefa kanwa ko gishiri da ka. Canjin da ya zo farat ɗaya ya fi ɗan bambancin ma'auni illa.

Zafi da sanyin ƙasarmu

Nan ne mai kiwo a ƙasarmu zai fi shan wahala. Kifin ɗawisu yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. Mu kuwa a watannin Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar numfashi da yawa. Idan aka ga kifi ya taso sama yana haki, ko dai iska ta yi kaɗan, ko ruwan ya ɓaci.

Dole a samu ma'aunin zafi a cikin akwati, a riƙa duba shi safe da yamma. Idan ya wuce 30, a ɗaga marfi, a rufe da raga, a juya fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Dabarar randa ce: ruwan da yake tashi cikin iska yana tafiya da zafi. A cike gurbin abin da ya tashi da ruwan da aka ajiye. Ana iya sa kwalbar roba mai ƙanƙara, a rufe ta ruf, ta yi ta yawo a saman ruwa. Kada a zuba ƙanƙarar kai tsaye, domin sanyin gaggawa yana sa kifi ciwo.

Lokacin ɗari kuma, a Disamba da Janairu, daren Damagaram da Maraɗi da Tawa yakan yi sanyin da ya fi ƙarfin wannan kifi. Ana bukatar na'urar ɗumama ruwa, ko aƙalla a lulluɓe akwatin da bargo da dare.

Sai maganar ɗaukewar wuta. Idan wuta ta tafi, na'urar tacewa da mai hura iska sun tsaya. Mai hali ya tanadi ƙaramin injin iska mai aiki da batir ko da hasken rana. Wanda ba shi da shi, ya riƙa ɗibar ruwan akwatin da moɗa yana kwararo shi daga sama, lokaci-lokaci, har wuta ta dawo. A ranar kada a ba da abinci. Kifi mai lafiya yana jure yunwar kwana biyu ko uku. Rashin iska kuwa yana kashe shi cikin sa'o'i. Wanda ya san ba zai iya wannan ɗawainiya ba, gara ya haƙura da kiwon.

Abinci

A tafki, abincinsa tsutsotsi ne da ƙananan ƙwarin ruwa. A akwati ana ba shi abincin kifi na kanti, mai kama da ƙwayar gero ko mai falle-falle. A ba shi sau biyu a rana, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Abin da ya rage a kwashe shi. Kada a ba shi tuwo ko burodi ko kitse ko naman dabba. Cikinsa ba ya narkar da su, kuma suna ɓata ruwa.

Kifi kullum yana nuna kamar yana jin yunwa. Yara kuma suna son su gan shi yana ci. A nan ɓarna take shigowa. A wakilta mutum ɗaya a gida ya zama shi ne mai ba da abinci, a ajiye gwangwanin inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Wajen saye

A tsaya a kalli kifin kafin a biya. Mai lafiya yana iyo da kuzari, fikafikansa a buɗe, idonsa garau, cikinsa bai faɗa ba bai kumbura ba. Idan akwai mataccen kifi a akwatin mai sayarwa, a wuce.

A lura da wata yaudara. Ɗan kifin ɗawisu ba ya da launi. Namiji yakan fara ado ne bayan wata shida ko fiye. Wasu ƴan kasuwa suna ba ƙanana abinci mai magani don su yi launi da wuri, har mata ma su yi kamar maza. Bayan ƴan makonni launin ya gushe, kifin kuma ya raunana. Idan aka ga ƙanana duka sun yi ado iri ɗaya, a yi hattara.

Wanda yake son samun ƴaƴa ya tsaya a kan iri ɗaya. Matan ire-iren kifin ɗawisu suna kama da juna ƙwarai, kuma suna karɓar namijin wani iri. Abin da za a haifa gauraye ne, ba a san kamannin da zai ɗauko ba. Makiyayin da yake tsare irin tumakinsa ya san wannan magana. Haka kuma kada a haɗa shi da kifayen duwatsu na tafkin Malawi da ake kira mbuna. Su mafaɗata ne, suna hana shi sakewa har adonsa ya dushe. Maza biyu masu launi ɗaya a ƙaramin akwati ma faɗa ne ba ƙarewa.

Idan an kawo sabon kifi cikin leda, a ajiye ledar a saman ruwan akwati na minti 20 don ɗuminsu ya daidaita. A riƙa ƙara ruwan akwatin kaɗan-kaɗan cikin ledar, sannan a ɗauke kifin da raga a sake shi. Ruwan ledar a zubar. Wanda yake da tsofaffin kifaye ya ware baƙon a wani mazubi na mako biyu ko uku, kamar yadda ake ware dabbar da aka sayo daga kasuwa.

Yadda suke haihuwa

Idan ruwa ya yi kyau, abinci ya wadata, namiji zai zaɓi wuri. Ya share ɗan rami a rairayi ko ya gyara saman dutse mai faɗi. Launinsa ya ƙara ƙarfi. Ya buɗe fikafikai, ya riƙa karkaɗa jiki a gaban mace. Wannan ne ya sa ake ba shi mata uku ko huɗu. Idan mace ɗaya ce, zai yi ta bin ta har ta galabaita.

Idan macen ta yarda, sai su riƙa zagaya juna a bisa ramin. Ta saki ƙwai kaɗan, ta juyo ta tsince su da baki. Namijin yana da ɗige-ɗige masu kama da ƙwai a fiffiken da ke kusa da wutsiyarsa. Ta kai baki wurin kamar za ta tsince su, shi kuma ya saki ruwan haihuwarsa. Ta haka ƙwan da ke bakinta suke samun rai. Su yi ta maimaitawa har ƙwan su ƙare. Ƙaramar mace takan yi kamar 10 ko 15, babba kuwa takan kai 40 ko 50.

Daga nan aiki ya koma kan uwa ita kaɗai. Haɓarta ta kumbura, ta nemi loko ta laɓe. Tana motsa baki a hankali, tana jujjuya ƙwan don ruwa mai iska ya ratsa su. Kusan mako uku, wani lokaci har huɗu, ba ta cin abinci. A cikin bakinta ƙwan suke ƙyanƙyashewa, a nan ƴaƴan suke girma da ƙwaiduwar da ke manne da cikinsu. Ranar da ta buɗe baki, sai ga ƴan kifi masu tsawon kusan santimetir ɗaya sun fito suna iyo.

Renon ƴaƴa

Idan ta saki ƴaƴan a babban akwati, sauran kifaye za su cinye mafi yawansu. Saboda haka a tanadi ƙaramin akwati na litir 40 zuwa 60, da ruwa daga babban, da soson tacewa, da dutse ɗaya na ɓuya. Bayan mako biyu da ɗaukar ƙwai, a mayar da ita can. A kora ta a hankali cikin kwano a ƙarƙashin ruwa, kada a fizge ta da raga. Uwar da ta firgita takan tofar da ƙwan ko ta haɗiye su. Macen da ta yi haihuwar fari ma takan yi haka ba tare da dalili ba. Kada a karaya, karo na biyu takan riƙe.

Wasu gwanaye suna buɗe bakin uwa da hannu su zazzage ƴaƴan. Ba mu ba sabon mai kiwo shawarar haka ba, domin yana iya karya mata haɓa.

Bayan ta sake su da kwana ɗaya ko biyu, a raba ta da su. A ba ta abinci ta murmure na ƴan kwanaki kafin ta koma wurin namiji, domin ta rame. Ƴaƴan kuma a niƙa musu abincin manya ya zama gari, a ba su kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana. A riƙa canza musu ɗan ruwa sau biyu a mako. Tun kafin su girma a yi tunanin inda za a kai su, domin akwati ɗaya ba ya ɗaukar 40.

Cutar kifi da lafiyar mai kiwo

Cuta biyu aka fi gani. Ɗaya ita ce fararen ɗigo a jiki kamar an barbaɗa gishiri, kifin yana goga jiki a dutse. Takan biyo bayan sanyin gaggawa ko zuwan baƙon kifi, kuma tana da magani idan an kama ta da wuri. Ɗayar ita ce kumburin ciki: kifi ya daina ci, kashinsa ya zama fari kamar zare, cikinsa ya kumbura. Yawan abinci da ɓacin ruwa da tsangwama suke jawo ta, kuma tana kisa da sauri. Duk lokacin da aka ga alamar ciwo, a fara da canza wani ɓangare na ruwan, a ware marar lafiya, a nemi shawarar ma'aikacin kiwo ko na ruwa da daji. Rigakafi ya fi magani.

Mai kiwo ma ya kula da kansa. A cire wayar wuta daga bango kafin a sa hannu cikin ruwa. A wanke hannu da sabulu bayan an gama. Mai rauni ko tsaga a hannu kada ya tsoma shi, domin akwai ƙwayar cutar da ke zama a ruwan kifi, tana shiga ta rauni ta fitar da ƙurji mai daɗewa. Wanda ya ga irin wannan ƙurji ya tafi gidan likita, ya gaya musu yana kiwon kifi. Kada a zuƙi tiyo da baki. A cika shi da ruwa, a toshe da yatsa, a sake cikin bokiti. Bokitin kifi daban, na sha da na girki daban. Kada a bar bokiti cike da ruwa inda jariri yake rarrafe. Tsohon ruwan da aka ɗebe kuwa taki ne. A zuba shi a gindin zogale ko tumatir, in dai ba a sa masa magani ba.

Kada a sake shi a tafki

Wanda ya gaji da kiwon ya ba wani, ko ya mayar wa mai sayarwa. Kada a zuba baƙon kifi a tafki ko kogi. Yana iya kai cutar da kifayenmu ba su sani ba. Tarihi ya nuna illar kai kifi inda ba gidansa ba. Giwan ruwa namu ne, a kogin Isa da tafkin Cadi yana zaune da sauran kifaye tun fil azal. Amma a shekarun 1950 aka kai shi tafkin Biktoriya, inda babu shi a da. Zuwa shekarun 1980 ya yawaita, kuma ire-iren ƙananan dangin karfasa wajen 200 suka ɓace daga tafkin.

Shi kansa kifin ɗawisu yana cikin damuwa a gidansa. A shekarar 2018, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, IUCN, ta sa wani irinsa mai launin rawaya, Aulonocara baenschi, cikin waɗanda suke dab da ƙarewa, saboda yawan kama shi don sayarwa. Wanda ya sayi kifin da aka haifa a akwati ya rage wa tafkin nauyi.

Abin da masunta za su ɗauka

Mun san mafi yawan masu karanta wannan fili ba za su ajiye akwatin gilashi ba. Amma akwai darasi a nan ga duk mai cin kifi. Karfasa iri-iri ce. Wadda aka fi kiwo a tafkunan kiwo, ita ma haka take yi: namiji ya tona rami a wuri marar zurfi, mace ta ɗauki ƙwai a baki har su zama ƴaƴa. Masunci yakan buɗe bakin karfasa ya tarar da ƙwai ko ƴan kifi cike. Wannan uwa ce. Wanda ya kama ta ya kashe ɗaruruwa a lokaci ɗaya.

Mutanen Malawi suna da tasu karfasar da suke kira cambo, wadda suka fi so a tukunya. Yawan kamu da taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, ya rage ta ƙwarai. A binciken 2018 ɗin nan, ita ma an sa ta cikin masu fuskantar ƙarewa. Abin da ya samu tafkin da ya kai zurfin metir 700 yana iya samun tafkin da ke ƙafewa rabi da rani.

Saboda haka muna kira ga masuntan Madarunfa da Tabalak da Gidimuni da bakin kogi. A girmama lokacin da aka rufe su. A yi amfani da taru mai manyan idanu. Karfasar da aka ga haɓarta a kumbure, a mayar da ita ruwa. Gidan sauro kuma a bar shi a kan gadon yara, inda yake tsare su daga zazzaɓin cizon sauro.

Wanda yake da tambaya a kan kiwon kifi, ya kai ta ga malamin ajinsu na yaƙi da jahilci, ya aiko mana. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, ya sa wa kiwonmu albarka, amin.